Abokin Cin Baba

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kafin in ɗora daga inda muka tsaya, bari in ba wata baiwar Allah amsa. Ta rubuto a ƙarƙashin kashin baya cewa, "Mansura, mai mota na sonki, ke kina bin mai buhu." Na ji, na kuma gode. Sai dai buhun nan shi ya taimaka jinin Babana ya sauko. Motar kuwa, ban da hon da soyayyun kaji, ba abin da ta taɓa saukewa a ƙofar gidanmu.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, ga inda aka kwana. Ni ce auta a gidan Alhaji Barau, mai rumfar hatsi a kasuwar Ƙanƙara. Yayyena duk sun yi aure. Ina koyarwa a wata firamare da ke bayan layinmu, in dawo gida kafin azahar. Mu uku ne a gidan: Baba, Inna, sai ni.

Bayan babbar Sallah, lokacin da soyayyen naman layya ke kai da kawo tsakanin gidaje, jiri ya kwashi Baba a rumfa. Allah ya taimaka kan buhun masara ya faɗa. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya daɗe yana aikinsa a ɓoye, har zuciya ta fara gajiya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba ƙodarsa da sukarin jininsa, sannan ta faɗi nata: ƙwaya kullum ba fashi, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kitse da soye-soye, a yawaita wake da ganye. Ta ce maimakon shinkafa da mai kowace rana, a riƙa dafa mashi dankalin Hausa ko a gasa, ban da soyawa.

"Ba magani ba ne," in ji ta. "Kada ku ajiye ƙwaya ku ce kun samu dankali. Amma yana ƙosarwa ba sai an zuba mai ba, kuma akwai sinadari a cikinsa da ke taimakon jiki wajen rage ɓarnar gishiri. In aka dage da shi tare da sauran, zuciya za ta samu sauƙin aiki."

Baba ya gyara zaman hularsa. "Likita, ƙwaya ko cikin mudu ce zan sha. Amma lawur, na baro shi 'Yargoje."

Lawur shi ne sunan da tsofaffinmu ke kiran dankali. Labarin kuwa kowa a gidanmu ya haddace shi. Baba na yaro a ƙauyensu 'Yargoje aka yi wata shekara da gero ya ƙi, dawa ta ƙi, sai lawur ɗin fadama ya yi. Safe lawur, rana lawur, dare ma shi. Ya yi wa kansa alkawari in ya zama magidanci ya rabu da shi ke nan. A hanyarmu ta dawowa ya ƙara da wani dalili: in wani ya leƙo zaure ya ga mai sayar da hatsi na cin lawur, gobe kasuwa za ta ɗauka Barau ya karye.

Inna ba ta gardama da baki. Ta dafa, ta yi fate, ta haɗa da wake. Akwai wani kwanon samira mai fure da ake kai wa Baba abinci a ciki. In ta rufe, sai ta daidaita furen murfin da furen jikin kwanon. Kwano ya je zaure ya dawo, fure na kan fure. Ko buɗewa ba a yi ba.

Ga kuma matsala ta biyu, wadda likita ba ta sani ba. Baba bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Tun tasowata, da azahar maƙwabta ke fitowa da kwanukansu zaurenmu a yi ciyayya. Da aka hana shi maiƙo, sai suka ji nauyin cin nama gaban wanda aka hana, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Zaure ya koma shi da rediyonsa. In an kai tuwo ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi. Bayan la'asar ya sa hula ya ce zai miƙe ƙafa, ya dawo hannun rigarsa na ƙamshin yajin tsire. Da muka koma awo, jinin na nan inda muka bar shi.

Haka muka ci damina. Da kaka ta kama, Shamsu ya shigo labarin.

A kasuwa na gan shi, zaune kan tulin buhuna, da wankakkiyar shadda ruwan toka da takalmin roba wanda jar lakar fadama ta riga ta canza wa launi. Ina ɗaga dankali ina ajiyewa.

"Wa ke ciwo a gida?" ya ce.

"Wa ya ce maka wani na ciwo?"

"Ban taɓa ganin mai irin mayafinki na zaɓen dankali tana ɗaure fuska haka ba, sai in likita ne ya aiko ta."

Na faɗa mashi a taƙaice. Ya ture wanda na zaɓa gefe, ya karya wani ya nuna mani cikinsa, launin gwaiduwar ƙwai. Ya ce wannan ya fi laushi, tsofaffi sun fi sonsa. Ya ce daga Sabuwa yake, gonarsa ce, kuma zai kai mani har gida a babur don buhu ba kayan mai mayafi ba ne.

Ya iso ana gama sallar azahar, na riga na ajiye kwano mai fure a gaban Baba. A ƙofar zaure ta ciki akwai asabari. Duk 'yar gidan da ta ce maku ba ta taɓa tsayawa bayan asabari ba, ku bar ta da Allah.

"Samari, daga ina?"

"Daga Sabuwa, Alhaji."

"Sabuwa! Ai ka sha hanya. Bismillah, ga abinci."

Na san lissafin Baba. So yake baƙo ya cinye, kwano ya koma wayam, Inna ta ƙyale shi. Shamsu ya wanke hannu, ya buɗe, ya ga dafaffen dankali da garin ƙuli da yankakken tumatir. Sai ya zauna yana jira.

"Ci mana."

"Alhaji, ai baƙo ba ya riga mai gida."

Ba yadda Baba zai yi. Ya gutsuri ɗan kaɗan don fita haƙƙi. Shamsu ya fara ci, ya kuma jawo zancen taki. Ya ce masara ta fi dankali cin taki nesa ba kusa ba. Baba ya ce yaro bai san masara ba. Gardama ta ɗauka, daga taki zuwa ruwan bana, daga ruwan bana zuwa hanyar Faskari. Baba na magana hannunsa na komawa kwano bai sani ba.

Ranar Inna ta karɓi kwanon, ta ga fure ya kalli gabas, ta ɗago kai ta dube ni.

"Wane ne a zauren?"

"Mai dankali."

"Allah ya yi wa mai dankali albarka."

Cikin ikon Allah Shamsu ya kama wani shago kusa da rumfar Baba don ajiye kayansa har kakar ta wuce. Yana kwana wajen wani abokinsa. Sabuwa sai jefi-jefi, da safe, don hanyar ba ta son yamma. Da an yi kiran azahar Baba da kansa ke leƙa shagon: "Ɗan Sabuwa, taso." Inna ta samu fili. Yau dafaffe da wake, gobe gasasshe, jibi fate da alayyafo. Gishiri kuwa sai dai a nuna wa tukunya daga nesa. Kumburin ƙafar Baba ya saɓe. Hannun riga ya daina ƙamshin yaji. Da muka koma asibiti likita ta duba awon, ta sake dubawa, ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi.

"Ƙwayarki ce," in ji Baba.

"Da ƙwayar da kwanon, Alhaji. Kada a saki ko ɗaya."

A ɗaya gefen kuma, lambar wayata da Shamsu ya karɓa don sanar da ni in an haƙo sabon dankali ta fara wasu ayyukan.

Shi: An yaba faten yau. Alhaji ya ce lami ne, amma ya suɗe kwano.

Ni: Kai fa?

Shi: Ni tun da asabari ya motsa na hango gefen mayafi ruwan hoda, ban san abin da nake ci ba.

Ni: Ruwan goro ne. Ka je a duba idonka.

Shi: To ashe kina bayan asabarin.

Ban ba shi amsa ba sai da na gama wanke-wanke.

Yanzu ga mai mota. Baba yana da yaya, Gwaggo Bilki, tana aure a Faskari. Ita ta kawo maganar Jabiru, ɗan ƙanin mijinta, mai shagon waya. Ba zan yi mashi ƙazafi ba. Yana da ladabi, yana da sana'a, yana gaida manya har ƙasa. Illa dai in ya zo zance, da shi da motarsa suke hirar, ni ina sauraro. Kuma duk Juma'a sai ya aiko wa Baba kula cike da soyayyun kaji, wai gaisuwa. Inna ta amsa, ta yi godiya, ta zagaya da ita ta ƙofar baya zuwa maƙwabta.

Wata safiya Gwaggo ta bugo. Baba bai iya amsa waya ba sai a lasifika, don haka har kajin gidanmu sun ji.

"Barau, Auta ta gama karatu, ta kama aiki, mi ake jira? Kafin azumi ta fiddo miji, ko ni in fiddo mata."

"Ta ji, Yaya. Ni ba na yi wa ɗiya dole, amma ba na ajiyar ɗiya. Ta fiddo."

Na rubuta wa Shamsu. Amsarsa ba ta ɗauki lokaci ba: Ki ba ni izini kawai, kawunnaina a shirye suke.

Ina murmushi ni kaɗai a madafa Inna ta shigo, ta zauna kan kujera 'yar tsugune tana wanke dankali. Ba ta dube ni ba.

"Yaron kirki ne," ta ce.

"Wane yaro?"

"Mansura, ni na haife ki. Amma kin san abin da zai faru ranar da ya buɗe baki?"

Na juya wajen tukunya.

"Ranar zai zama suruki. Kin taɓa ganin suruki da suruki a kwano ɗaya?"

Ku da kuke manyan birane, kuna zama teburi ɗaya da iyayen matanku har kuna miƙa wa juna cokali, ba lalle ku gane ba. A wajenmu mai neman aure ko ruwa ba ya sha gaban uban yarinya. Uban ma ba ya bari a ga bakinsa na motsi. Ba doka ba ce da aka rubuta, kunya ce, kuma ta fi doka ƙarfi. Ma'ana, ranar da Shamsu ya samu ni, Baba ya rasa abokin ci. In ya rasa abokin ci, fure zai koma kan fure, hula ta koma kai bayan la'asar.

Don haka na fara ba Shamsu amsa ɗaya: Jira tukuna.

Ya jira. Ya sake tambaya, na sake cewa jira. Daga baya ya rubuto: Mansura, dankali na ƙarewa. In na sayar da na ƙarshe ba ni da hujjar zama Ƙanƙara. Ko na yi magana ko ban yi ba, kwanon nan zai rasa ni.

Gaskiya ya faɗa. Na karanta na kife wayar.

Ranar Juma'a Gwaggo ta sauka da kanta a motar haya. Leshi shuɗi, ɗaurin kallabi kamar zai taɓa dokin ƙofa, carbi a hannun dama, kular Jabiru a hagu. Ƙamshin humrarta ya riga ta shigowa. Ta ce kwana biyu za ta yi, kuma ba za ta koma ba sai da magana a hannu.

A nan na yi wautar da ba ta kamaci malamar makaranta ba. Na san Gwaggo na gida. Duk da haka na sa sabuwar atamfata mai ganyen kore, na ɗaura kallabin da kyau, na zizara kwalli. Duk don in kai kwano zaure in dawo.

An sauko daga masallaci, Baba da Shamsu sun zauna. Na ɗauki kwano mai fure. Gwaggo ta ɗauki kula ta biyo ni. Ita zaure bai yi mata shamaki ba, ta girmi mai zauren.

Na ajiye, na buɗe. Ta leƙa.

"Barau! Mi zan gani haka? Lawur?"

"Yaya, an zo lafiya?"

"Bar gaisuwar nan. Ba kai ne ka tsaya gaban Iyarmu ka ce kai da lawur har abada ba?"

"Alkawarin yaro ne mai jin yunwa."

Ta buɗe kular. Ƙamshi ya cika zauren, har ni sai da na haɗiyi yawu. "Ga saƙon Jabiru. Ka ci abincin mutane."

Idon Baba ya sauka kan wata cinya, ya daɗe a wurin. Hannunsa ya ɗan taso daga gwiwa. Shamsu bai ɗaga kai ba, ya matsa kwanon garin ƙuli gabansa.

"Alhaji, wannan na gonar tudun nan ne. Wanda ka ce ba zai yi zaƙi ba."

"Kuma ba zai yi ba."

"A ɗanɗana dai."

Baba ba ya barin gardama a ƙasa. Ya gutsura, ya tauna, ya ce bai kai na jiya ba. Ya ƙara, wai don ya tabbatar.

Gwaggo ta dubi Shamsu. Ta dube ni. Ta sake duban Shamsu.

"Wanga yaro ɗan wa ne?"

"Ɗan Sabuwa ne, shi ke kawo mana dankali."

"Mai kawo dankali. To, madalla. Ke Auta, tun yaushe aka fara sa kwalli don kai wa mai dankali abinci? Kai kuma samari, mi ya sa tun da ta shigo lomar nan ta ƙi wucewa?" Ta tafa hannu, carbi ya yi ƙara. "Barau, ka tsufa. Kana cin kwano ɗaya da surukinka ba ka sani ba!"

Hannun Shamsu ya fito daga kwano kamar ya taɓa garwashi. Ya ja jiki ya sauka daga tabarma, ya sunkuyar da kai. Ni ina tsaye riƙe da murfi, na rasa ta wace ƙofa zan fita.

Baba bai ɗago ba. Ya ɗauki wani babban yanki, ya raba biyu, ya ajiye rabi a gefen da Shamsu ke ci.

"Ɗan Sabuwa, maido hannunka."

"Alhaji…"

"Ni ban ji komi ba. Kunnena ba ya aiki sai na wanke hannu. Yaya, rufe kular nan, ƙamshinta na damun baƙona."

Ta rufe. Ban taɓa ganin Gwaggo ta bi umarnin ƙaninta ba sai ranar.

Suka ci. Ban taɓa ganin cin abinci mai nawa irin wannan ba. Baba ya koma zancen gonar tudu, Shamsu na amsawa da "haka ne" a ƙasan maƙoshi. Sai da kwano ya yi fes. Na zuba wa Baba ruwa a buta, ya wanke hannu a tsanake, ya goge. Daga nan ya juya fuskarsa gaba ɗaya wajen Gwaggo, ya ba Shamsu kafaɗa.

"Yaya, ki faɗa wa yaron can, in da gaske yake ya turo manyansa."

"Ni? Ni da na zo da maganar Jabiru?"

"Ke kika ɗaura surukutar, ke za ki kai saƙo. Ki kuma faɗa mashi ba yau na sani ba. Ba mai lafiyar da zai yi wata da watanni yana cin abinci lami, yana santi, sai da dalili."

Shamsu ya durƙusa ya yi godiyar da ba wanda ya ji kalmominta. Ya fita da baya, takalmi a hannu.

Ban kai ɗaki ba wayata ta yi ƙara.

Shi: Alhamdu lillahi.

Ni: Alhamdu lillahi. Gobe wa zai ci da shi?

Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Ba abin da ya shigo.

Asabar kwano ya je ya dawo, fure kan fure. Lahadi ma haka. Shamsu ya aiko da zaɓaɓɓen dankalin da ya rage mashi, amma shi kansa ya canza hanya a kasuwa, in ya hango Baba daga nesa sai ya tsuguna. Bayan la'asar ɗin Lahadi Baba ya sa hula ya ce zai miƙe ƙafa. Da ya dawo Inna ta karɓi babbar rigarsa za ta rataye, ta kai hannun rigar hancinta, ta rataye.

Inna ba ta taɓa ɗaga wa yayar mijinta murya ba. Abin da ta yi kawai, ta ɗauko kwano mai fure ta ajiye gaban Gwaggo, ta buɗe, ta bar shi a buɗe.

"Yaya, ko a zuba wa kaji? Tunda mai ci ya rasa abokin ci."

"Fatsuma, da ni kike?"

"Wane ni, Yaya."

Litinin na dawo daga makaranta na tarar da Gwaggo ba ta tafi ba. Tana zaune gindin dalbejiya, ba leshi, ba ɗauri, zanen Inna ne a jikinta.

"Zo nan. Wai mi likitar ta ce zai faru in bai ci ba?"

Na faɗa mata yadda aka faɗa mana, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba dankalin kaɗai ke riƙe da shi ba. Amma in ya bar shi, cikinsa zai nemi abin da ya saba, ya koma tsire da maiƙo, a bar ƙwaya ita kaɗai da aiki. Zuciyar kuwa ta riga ta gaji.

Ta ja carbi ta ja, sannan ta ce, "Gasa mani manya guda biyu cikin toka. Kada ki fere."

Na gasa. Ta karkaɗe tokar da hannunta, ta sa a kwano mai fure, ta rufe. Inna ta miƙo hannu ta daidaita furen. Gwaggo ta harare ta, ta ɗauka ta nufi zaure. Ni kuma kun san inda na tsaya.

"Matsa."

"Yaya, a zaure? Mutane na wucewa."

"Su wuce. Wanda ya tambaya ka ce mashi ni na goya ka."

Ta zauna da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ta buɗe kwano. Ƙamshin gashi ya taso har bayan asabari.

"Ka tuna shekarar nan? Iya ta gasa guda ɗaya ta ce mu raba. Ka ce kai ne namiji, naka ne babba."

"Ke kuma kika cinye ɓawon."

"Da ɓawon na rayu. Kullum kana cewa lawur abincin wahala ne. Gida nawa aka yi zaman makoki a 'Yargoje shekarar nan? Gidanmu an yi?"

Baba ya dubi kwanon.

"Abu ya riƙe ka kana yaro, ya dawo zai riƙe ka da tsufa, kai kana yi mashi yanga." Ta karya ɗaya gida biyu, tururi ya tashi. Ta ajiye mashi ƙaramin. "Yau ni ke da babban."

"Haba Yaya, ai ba a haka. Ni ne marar lafiya."

"Marar lafiyar da ke zuwa wajen mai tsire da ƙafarsa?"

Na ji Baba ya yi dariya. Na kuma ga hannunsa ya wuce ƙaramin ya ɗauko na biyun gaba ɗaya.

Kwano ya dawo da ɓawo kaɗai a ciki, fure na kallon inda ya ga dama. Inna ta karɓa, ta duba, ta wuce madafa. Daga can na ji tana 'yar waƙar da take yi in tana daka.

Gwaggo ta shigo tana goge baƙin toka a gefen zane.

"Wanda ya kori abokin ci shi ke zama a gurbinsa," ta ce. "Ba inda za ni sai an ɗaura auren nan, daga nan mu ga wanda za mu samo mashi. Ɗakinki zan zauna. Gadon nawa ne, ke ki sauka ƙasa. Wayar nan kuma da an yi isha'i a kashe ta."

"To, Gwaggo."

"Na riga na buga Faskari a kawo mani akwatina."

"Wa zai kawo?"

"Wa ke da mota? Jabiru mana. Gobe da azahar."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. "Kin faɗa mashi halin da ake ciki?"

"Ni? Bakina cike yake da lawur. Ke da kika iya sa kwalli, sai ki yi mashi bayani."

Tana rufe baki wayata ta yi ƙara. Shamsu ne.

Kawunnaina sun ce da safe za su taso don hanya. In sha Allahu suna Ƙanƙara gobe da azahar.

Zauren namu kuwa, waɗanda suka san gidan za su shaida, tabarma ɗaya ce a ciki.